Kyamara a Masana'anta: Ina Aka Fuskantar da Ita?

Gaisuwa ta musamman ga waɗanda suka kwana a bakin inji yanzu suke hanyar gida, da waɗanda ke shirin karɓarsu, 'yan Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, da na Kakuri a Kaduna, da sauran wuraren da sautinmu ke kaiwa. Allah ya sa wa nema albarka.

Yau zancenmu a kan kyamarorin da ake kafawa a masana'antu ne. Duk mai shiga waɗannan wurare ya saba ganinsu, ɗaya a saman babbar ƙofa, ɗaya a bakin sito, ɗaya a kan teburin mai karɓar kuɗi. In ka tambayi mai wurin dalili, amsar ba ta wuce kalma ɗaya: ɓarayi. Gaskiya ne, akwai sata, kuma mai dukiya yana da haƙƙin tsare dukiyarsa. Sai dai wannan shi ne mafi ƙanƙantar aikin da kyamara za ta iya yi a masana'anta, kuma abin da ke damuna shi ne yawancinmu a nan muka tsaya. Ku zagaya ku duba inda aka fuskantar da kyamarorin wuri, za ku gane abin da mai wurin ya fi jin tsoron rasawa.

Mu fara da kyamarar da ba ta kallon mutum ko kaɗan. A manyan masana'antun gyaran shinkafa akwai wani inji da ke can kusa da ƙarshen layi, bayan an turara shanshera, an busar, an cashe, an goge. Shinkafar tana gangarowa ta wasu kwararo masu santsi, ƙwaya na bin ƙwaya da gudu, sai ta faɗo ta gaban fitila mai tsananin haske. A daidai wannan wuri akwai kyamara a gaba, akwai wata a baya. Kowace ƙwaya sai an ga launinta. Da kwamfutar injin ta hango baƙar ƙwaya, ko tsakuwa, ko ɓarɓashin kwalba, sai wani ɗan bututu ya feso iska, tsit, ya ture wannan ƙwayar ita kaɗai zuwa wani mazubi daban, sauran su wuce abinsu. In ka tsaya kusa ba abin da za ka ji sai tsit-tsit-tsit ba ƙaƙƙautawa. Tsintar da iyayenmu mata ke yi a faifai ce, amma tan-tan a cikin awa guda. Kamfanin Sortex, wanda aka kafa a Landan a 1947, yanzu kuma yake ƙarƙashin Bühler na ƙasar Suwizalan, yana cikin waɗanda suka fara ƙera irin wannan inji. Masu fitar da riɗi daga kasuwar Dawanau sun san darajarsa, don mai saye a ƙasar waje yakan tambaya ko an bi da kayan ta cikinsa kafin a yi maganar farashi.

Haka abin yake a wajen masu cika lemon kwalba. Kwalba ta yi yawo a gari, wani ya zuba kananzir a ciki, wani ya cusa mata leda, bakin wata ya ɗan gutsure. Bayan an wanke, kowace ɗaya sai ta bi ta gaban kyamarori masu leƙa bakinta da gindinta da jikinta, a layin da ke tafiyar da dubun-dubatar kwalabe a awa. Idon ɗan Adam ba zai jure wannan ba, komai ƙwazonsa. Ya yi rabin awa yana kallon kwalabe na wucewa, hankalinsa ya tafi gida.

Tunanin da ke ƙarƙashin wannan ya girmi kwamfuta. A 1924 wani Bajapane, Sakichi Toyoda, ya kammala injin saƙa wanda ke tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Daga gidansa kamfanin motocin Toyota ya fito, kuma har yau suna kan wannan ƙa'ida, cewa a kama aibi a wurin da ya faru, kafin ya shiga buhu, kafin ya hau mota, kafin ya kai hannun mai saye ya dawo da shi tare da ɓacin suna.

Amma kada a ɗora wa kyamara abin da ba za ta iya ɗauka ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Waken nan in ka gan shi fari tas, ba huji, ba tsakuwa. Da ya bi ta gaban kyamara ɗari, da duk sun wuce da shi. Guba sai ɗakin gwaji.

Akwai kuma kyamarar da ke naɗar abin da ke faruwa a layi tana ajiyewa, kuma amfaninta ga ingancin kaya ya fi yadda ake zato. A ce dila ya dawo da katan ashirin na sabulu ko taliya, ya ce ba su cika awo ba. A jikin kowane katan akwai lambar rukuni da ranar da aka yi shi. Mai kula da inganci ya ɗauki lambar, ya koma hoton wannan rana da wannan awa, ya zauna ya kalla. Sau da yawa abin da zai gani ba mugunta ba ce. Zai ga wuta ta ɗauke an tayar da janareta, ba wanda ya sake saita sikeli. Ko ya ga mutum ɗaya yana riƙe da aikin mutum biyu saboda abokin aikinsa bai zo ba. In babu hoton, abin da aka saba yi shi ne a tara 'yan layin a yi musu faɗa, a yanke wa kowa albashi, matsalar kuwa tana nan tana jiran mako mai zuwa.

A Ingila sun kai abin ga doka. Tun 2018 wajibi ne kowace mayanka ta kafa kyamara a duk inda ake riƙe dabba mai rai, ta ajiye hoton kwana 90, kuma likitocin dabbobi na hukuma suna da ikon dubawa duk lokacin da suka so. Abin lura a nan shi ne wanda ke da ikon kallo. Ba mai mayankar kaɗai ba ne. Da an bar masa shi kaɗai, da abin da ya ga dama za a gani.

A Jafan kuwa, a ƙarshen 2013, an gano maganin ƙwari a cikin daskararren abincin da wata masana'anta a lardin Gunma ke yi. Aka janye miliyoyin ƙunshi daga kasuwa, mutane da dama suka yi ƙorafin ciwon ciki da amai. Bincike ya nuna wani ma'aikacin wurin ne ya zuba da gangan, kuma yana cikin masu jin haushin yadda ake biyansu. Bayan haka kamfanin ya cika wurin da kyamarori, kuma ya kamata ya yi. Amma kyamara hannun mutum take gani. Ɓacin ran da ya kai hannun can, wannan sai shugaban da ke zama da mutanensa yana jin kukansu.

Masu sauraro, yanzu mu zo kan abin da ya fi tsaya mini a rai, wato lafiya da rayukan masu aikin.

Kafin inji ya cinye hannun mutum, ya sha yin saura ƙiris. Hannun riga ya laƙe a bel, mai ita ya fizge, ya yi salati, ya ci gaba da aiki. Motar ɗaga kaya ta yi baya ta goga wa wani a kafaɗa, aka yi dariya aka watse. Ba mai kai rahoton irin wannan, don ba wanda ya ji ciwo, kuma ba mai son a ce masa rago ko mai sakaci. To kyamarar da ke kallon layi ta ga duk wannan. In aka sami mutum ɗaya da aikinsa ne ya zauna duk mako ya duba, zai ga cewa a kusurwa ɗaya ake ta kusan yin karo, saboda an jibge buhuna sun tare wa direba gani. Zai ga cewa murfin da ya kamata ya rufe bel an cire shi tun ranar da aka yi gyara, yana jingine a bango. Gyaran waɗannan bai kai kuɗin kyamara ɗaya ba: a kwashe buhunan, a shata wa masu tafiya a ƙasa hanyarsu da fenti, a mayar da murfi a ɗaure. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta riga ta wajabta killace sassan inji masu haɗari. Kyamara dai tana nuna maka inda aka saki dokar.

Akwai kyamarori masu ganin zafi maimakon haske. Tanderun da ake gasa siminti, irin na Obajana ko Ashaka ko Kalambaina, wata doguwar ganga ce ta ƙarfe da ke juyawa a hankali, zafin kayan cikinta yana kaiwa wajen digiri 1,450. An jera mata bulo mai jure wuta daga ciki. In bulon wani wuri ya zaizaye, ƙarfen wajen zai fara ɗaukar zafi tun ido bai ga komai ba, kuma na'urar ganin zafi ce ke nuna wa injiniya tabon a allo ya ɗau mataki. Ƙaramar irinta ta hannu, in aka haska akwatin wutar lantarki da ita, takan nuna wayar da ta kwance tana zafi. Gobarar dare da yawa daga irin wannan waya take tashi.

Maganar gobara ta kawo mu ga ƙofa. Ina roƙon masu masana'antu su ba ni aron kunnuwansu a nan.

Ranar 25 ga Maris, 1911, gobara ta tashi a wata masana'antar ɗinkin riguna mai suna Triangle a birnin Niyok na Amurka. Mutum 146 suka rasu, galibinsu 'yan mata. An kulle ƙofar fita don kada ma'aikata su saci yadi ko su fita hutu ba izini. Shekara 80 bayan haka, a 1991, a garin Hamlet na jihar Karolina ta Arewa, mutum 25 suka mutu a masana'antar sarrafa naman kaji, a bayan ƙofofin da aka sa wa kwaɗo saboda zargin satar kaza. A watan Satumban 2012, a Karachi ta Pakistan, sama da mutum 250 suka ƙone a masana'antar tufafi, tagogi da ƙarafa, hanyoyin fita a toshe. Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A watan Satumban 2002, a Ikorodu ta jihar Legas, gomman masu aikin dare suka hallaka a wata masana'antar roba da aka kulle su a ciki. A nan Kano ma, a watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda sun fito da ma'aikata sama da 100 daga wata masana'antar shinkafa, waɗanda suka ce kusan wata uku ba a bar su sun fita ba. Allah ya kiyaye, wuta ba ta tashi a can ba. Da ta tashi fa?

A yawancin waɗannan wurare hujjar ɗaya ce, wai in an bar ƙofa a buɗe kaya za su bi dare. To, Alhaji, yau wannan hujja ta faɗi. Akwai ƙofar da ake turawa daga ciki ta buɗe, daga waje kuwa ba ta buɗuwa. A sa mata ƙararrawa, a fuskantar da kyamara ɗaya a kanta. Duk wanda ya fita da katan, ƙararrawa za ta yi kuka, hotonsa kuma yana nan. Kayanka sun tsira, mutanenka ma suna da mafita. Doka ta hana kulle ƙofar masana'anta ta yadda na ciki ba za su iya buɗewa nan take ba matuƙar akwai masu aiki a ciki. Ni a ganina, duk masana'antar da ta iya sayen kyamara goma sha shida don sito, amma har yanzu maigadi ke tafiya da makullin ƙofar baya a aljihu da dare, ba rashin kuɗi ke damunta ba. Ta auna kaya da rai ne, ta ga kaya sun fi nauyi. Ranar da za a tsaya gaban Allah, ba lissafin katan za a fara tambaya ba.

Wannan kyamarar ta bakin ƙofar gaggawa tana da wani aikin kuma. Ita za ta nuna ranar da aka fara jingina buhuna a hanyar, ɗaya yau, biyar gobe, har ƙofar ta ɓace a bayan kaya. Kuma in an yi gwajin fita na gaggawa, hoton zai nuna minti nawa aka ɗauka kafin kowa ya fita, da lungun da mutane suka cushe.

Batun sata ba sai na daɗe a kai ba, kowa ya san shi. Abu ɗaya kawai zan ce. Babbar asara ba kasafai take fita a aljihun lebura ba. Ta babbar ƙofa take fita, a mota, da takarda mai sa hannu. Saboda haka kyamarar da ke kan sikelin auna motoci da wurin lodi, wadda ke ɗaukar lambar mota da lokacin fitarta don a gwada da abin da aka rubuta, ta fi goma da ke bin ma'aikata da kallo.

Sai dai duk wannan zance ne in kyamarar ba ta aiki. Da yawa ado ne kawai. Wuta ta ɗauke, na'urar naɗa ta mutu, kuma tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta nan ne ake yin abin da ake yi. A haɗa ta da batir ko sola. Ƙurar hunturu da garin fulawa ko siminti kan rufe gilashin cikin 'yan kwanaki, hoto ya koma hazo. A sa wani ya riƙa gogewa. Agogon na'urar kan karkace, hoton ranar Talata ya fito da kwanan watan bara, ranar da ake neman hujja a rasa ta. Sannan kalmar sirri. Yawancin masu kafa kyamara suna barin wadda ta zo da ita daga kamfani, kuma in an haɗa da intanet don Alhaji ya riƙa kallo a wayarsa, to ba shi kaɗai ke iya kallo ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, kyamarori da yawa a ciki, ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin sirri da ba a canza ba. A watan Maris na 2021 masu kutse suka shiga rumbun kamfanin Verkada na Amurka, suka sami damar leƙa kyamarori kusan 150,000, har da na wuraren kamfanin motoci na Tesla. In ya faru da waɗannan, mu sai mu ƙara kula.

To ina haƙƙin wanda ake kallo? Wannan tambaya ta daɗe. Tun wajen 1912 wasu ma'aurata a Amurka, Frank da Lillian Gilbreth, suke ɗaukar ma'aikata a fim da agogo a gefe, suna ƙirga motsin hannunsu. Sun ce burinsu rage wa ma'aikaci gajiya, kuma sun rage a wurare da dama. Amma ma'aikata sun yi fargabar za a yi amfani da hoton a matse su su ƙara sauri, kuma fargabar tana da tushe. Har yau haka ne. Idan kyamara ta zama abin ƙirga minti nawa mutum ya yi a alwala, ma'aikata za su koyi inda ba ta gani, su daina faɗar kuskure, kuma duk amfanin da muka lissafa a baya ya tafi.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi hoton da ake iya gane mutum a cikinsa. Ma'aikaci yana da haƙƙin a sanar da shi ana ɗaukarsa, da dalilin ɗaukar. A kafa allon sanarwa da Hausa da Turanci, a yi wa sabon ma'aikaci bayani da baki ranar da ya fara. Banɗaki, wurin wanka, ɗakin canza kaya, ba wurin kyamara ba ne ko da wane dalili, balle inda mata ke aiki. Addini ya hana bin diddigin sirrin mutane tun kafin a rubuta wata doka. A taƙaita masu iya buɗe hoton, a rubuta sunan duk wanda ya duba. Abin takaici ne ka ga hoton wani bawan Allah da inji ya raunata yana yawo a WhatsApp, iyalinsa su gani a waya kafin a zo a faɗa musu.

Kai kuma ɗan'uwa ma'aikaci, ga abin da nake so ka riƙe. Na'urar naɗa ba ta ajiye hoto har abada. In rumbunta ya cika, sabo take ɗorawa a kan tsoho, wata bayan mako biyu, wata bayan wata guda. Idan tsautsayi ya same ka ko abokin aikinka, kada a jira sai an sallamo shi daga asibiti. A cikin kwana ɗaya ko biyu a rubuta takarda zuwa ga manaja, a faɗi rana da lokaci da injin da abin ya faru, a nemi a cire hoton a adana. A riƙe kwafin takardar, a ba wakilin ƙungiyar ma'aikata ɗaya in akwai ƙungiya. Doka ta wajabta wa mai masana'anta ya sanar da jami'in duba masana'antu duk haɗarin da ya yi kisa ko ya hana mutum aiki fiye da kwana uku. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ta hannun hukumar NSITF, daga kuɗin da masu ɗaukar aiki ke zubawa, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi. Dokar Shaida ta 2011 kuma ta buɗe ƙofar karɓar irin wannan hoto a kotu in an cika sharuɗɗansa. Ranar da aka ce ai sakacinka ne, hoton shi zai nuna ko murfin injin yana wurinsa.

Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu tattauna yadda ake bin diyyar rauni a wurin aiki, daga takardar asibiti har zuwa ofishin hukuma.